Jan Fentin da Ya Kusa Tashin Unguwarmu

Ni dai aji huɗu na yi a firamare, can ƙasar Zazzau, kafin mahaifina ya ce boko ya isa haka, gona na jira. Amma a unguwarmu da ke bayan Orozo, a gefen Abuja, aji huɗun nan ya ishe ni zama babban mutum. Da aka kafa kwamitin unguwa, aka duba hagu aka duba dama, masu digiri duk tun asuba suke bin go-sulo zuwa cikin gari, sai magariba a gan su. Ni ne mai ilimin da ke zaune. Aka ba ni sakatare. Tun daga ranar nake maƙala biro biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu.

Shugabanmu wani Alhaji ne Bakatsine mai shagon kayan gini. Akwai dattijo Bagware, wanda kakanninsa ke noman doya a wurin tun ba a yi mafarkin Abuja ba. Sai Mama, Bayarabiya mai sayar da abinci, wadda in ta buɗe baki mu duka muke gyara zama. Mun yi aiki, kar a ce ban faɗa ba. Mun yashe kwata, mun cike ramukan hanya da ɓaraguzai, mun hana zubar da shara a bakin rafi.

Maganar lamba kuwa, naƙuda ce ta kawo ta. Wata mata haihuwa ta zo mata da gardama, aka kira mota, aka ce wa direba gidan yana bayan mai shayi. To masu shayi uku ne a unguwar, kowanne da bayansa. Yana ta zagaye har matar ta sauka a tsakar gida. Allah ya tsare, amma kwamiti ya ce ba za a sake ba: kowane gida a rubuta masa lamba a bango. Aka tsayar za a yi shela ranar Juma'a a masallaci, Lahadi a coci, a fara aiki Litinin. Alhaji ya ba da gwangwanin fenti da ya daɗe a shago. Ja ne. Na kai shi gida ranar Talata.

Ranar Laraba da safe na dubi gwangwani, gwangwani ya dube ni. Na ce mutum mai ilimi irina zai zauna jiran shela?

Wanda bai zauna Abuja ba sai an yi masa bayani. A nan, in ka ga jan fenti a bangonka, to katafila ce ta aiko da sallama. Kuma an san abin yi: kafin ta iso, ka hau ka kwance kwanonka, ka cire ƙofa da taga da katako, domin in ta zo ba ta jiran kowa. Ni ma an taɓa yi mini rusau, na san wannan sarai. Amma biro biyu sun rufe mini ido.

Gidana na ba lamba ɗaya, ai sakatare ne. Na biyu na maƙwabcina ne, wani Bakano mai wanki da guga. Shekara da shekaru muna tsokanar juna yadda Kanawa da Zage-zagi suka gada. Sau biyu ana rushe masa gida a wasu unguwanni kafin ya zo nan ya haɗa ɗaki biyu da hannunsa. Ya sha faɗa mini cewa in aka yi na uku, ya gama da Abuja, zai kwashi iyalinsa su koma ƙauye. 'Yan matansa biyu kuwa suna sakandare, ƙauyen nasu babu makarantar a kusa. In sun tafi, karatu ya ƙare. Lokacin da na zo ya fita kai kayan guga, sai na zana masa biyu ƙatuwa, har na zagaye ta don ado.

Hantsi ya yi na kai can ƙarshen unguwa. Ina jin ƙarar guduma da kwano daga baya, na ce madalla, unguwa na ci gaba, wani gini yake yi. Sai ga Mama tana haki, ludayi a hannu.

"Oga sakatare! Kai ne ya rubuta wannan abu?"

Na ce, "Ni ne, Mama. Kin ga hannu ko?"

"Hannunka ya kashe mu! Mutane ya ce gwamnati ya zo. Abokinka yana kan rufi!"

Na ajiye gwangwani, na yi gudun da rabona da shi tun ina da haƙora talatin. Ko'ina mata na fitar da katifa, wani na kwance ƙofa. Duk wanda na nuna wa hannuwana jajaye na ce ni ne, sai ya zage ni ya mayar da kayansa ciki. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Amma Bakano ya riga ya yaye ɗaki ɗaya tas, yana kan na biyu. Matarsa na ɗaure tukwane a zani, ido jawur. Tawa matar na zaune a ƙofar gidanmu tana tsinke zogale.

Ta ce, "Malam, na faɗa masa rubutunka ne. Ɗayan nan da ka zana mana ya karkace kamar mai shi. Ya ƙi ji."

Na ɗaga kai na ce, "Kai Bakano, sauko! Ni na rubuta. Lambar gida ce!"

Ko dubana bai yi ba. Ya ce, "Kwana biyu suka ba ni. Kai ɗaya suka ba ka, ka tsaya kana surutu."

"Wallahi lamba ce. Ga hannuna."

"Bazazzagi, yau ba ranar wasa ba ce. Ka bari."

Ni ne na taɓa ce masa an hana guga da gawayi a Abuja, ya kwana biyu yana ɓoye dutsen gugarsa. Yau ga ni da gaskiya a baki, ba ta da mai saye. Ya ce ya riga ya kira wani ɗan garinsu mai babbar mota a Karu, yana hanya. Ga kuma hadari ya fara haɗowa daga gabas, baƙi ƙirin.

Mama ta kirawo Alhaji da dattijo. Alhaji ya rantse fentin daga shagonsa ya fito. Bakano ya dakata da guduma, ya ce, "Alhaji, ba raini ba. Sau biyun can ma haka manya suka ce mini, jita-jita ce, in kwantar da hankali. Na kwantar. Ko ƙusa ban tsira da ita ba."



Sai dattijo Bagware ya matso. Ya ɗauki kujerar tsuguno ta matata, ya shiga ɗakin da aka yaye, ya zauna a tsakiya, ya jingine sandarsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Bakano.

"Malam, kabarin babana yana bayan gidana. In katafila zai zo, ni ne zai fara kuka. Gobe ni da kai da Alhaji za mu je ofis na gwamnati, ka ji da kunnenka. Yanzu dai ruwa yana zuwa, ni kuma ba na tashi nan. In kana so ya duki tsoho, bar shi a buɗe."

Bakano ya dube shi. Ya dubi hadari. Sai ya share fuska da hularsa ya ce, "A miƙo mini kwanon."

Ban san unguwarmu na da mutane haka ba sai ranar. Alhaji ya aika aka kwaso ƙusa. Masu acaba suka ajiye babura suka hau. Mata na miƙa kwano, Mama na ba da umarni da ludayi. Ni ma na nemi hawa, aka ce in zauna, na yi iyakar ɓarnata ta yau. Ana buga ƙusar ƙarshe ruwa ya kece. Dattijo ya fito ko ɗigo bai taɓa shi ba, ya mayar wa matata kujerarta.

Mai babbar mota fa? Sai bayan la'asar ya iso, a jiƙe, yana faɗa. An ce masa bayan mai shayi. Wannan ne karo ɗaya da masu shayinmu uku suka yi wa unguwa amfani. Mama ta zuba masa shinkafa, ya juya da motarsa ba kaya.

Washegari suka je ofis, aka ce musu babu maganar rusau a wajenmu. Bakano ya dawo ya yi barcin da matarsa ta ce har ta tsorata. Kwamiti ya kafa doka: duk wanda ya ga alama a bangonsa, kar ya taɓa ƙusa sai ya zo mun je mun tambaya tare. Lambobi kuma aka koma shuɗi. Hukuncina shi ne in bi duk jajayen in shafe da fari, da rana tsaka, kowa na yi mini sannu da ilimi.

'Yan matan sun gama sakandarensu a nan. Sai dai kwanon da aka cire aka mayar, tsofaffin hujin ƙusa ba su toshe duka ba, ɗaya kuma daidai kan gadon Bakano yake. Na ce zan kawo masa kwalta a liƙe, ya ce a bar masa abinsa. Duk damina, da ruwan farko ya sauka, sai in ji muryarsa ta kan katanga:

"Bazazzagi! Ilimin nan naka yana ɗiga!"