Ranar da Baba Ya Ɗauki Kwamfutocina 'Yan Gayya

Ina shiga zaure na tarar da Baba ya kama wayar wuta zai cire kwamfutocina uku daga sola. Da tsofaffin kayan da na samo a kasuwar Sinnar na harhaɗa su, babu ma'ajiyar bayanai a cikin ko ɗaya.

Ya ce, "Kahraba ta yi kaɗan, wutar ba ta isarmu. Mi suka yi muna ban da huci?"

Na ce, "Baba, masu binciken magani ne ke rarraba lissafi ta intanet. Kowa ya yi nasa yankin ya mayar musu. Waɗannan ba sa ajiye komai, aikin kawai suke yi."

Ya dube su, ya ce:

"Ashe nafir na, gayya kamar ta yankan dawa. To wa ka ciyad da su?"

"Wutar nan ce abincinsu."

Sai ya saki wayar, ya kashe fankarsa, ya ja tabarma zuwa gindin dalbejiya. Wai ba a taɓa barin 'yan gayya da yunwa a gidansa ba.

Yanzu ni ma an hana ni cajin waya da rana. Jama'a, wa zai roƙar mini Baba?