Ranar da Na Yi wa Matar Inshora Kwalliya

Salama gare ku, ƴan'uwa da abokan arziki. Eh, ni ce, ina nan da raina. Na ga saƙonninku sun taru, har da masu cewa Likita Saratu ta samu Amurka ta manta da mutane. Wallahi ba haka ba ne. Yatsun da zan amsa muku da su ne suka daina aiki.

Daga ƙafa abin ya fara. Ina zagayen marasa lafiya a sashen yara na ji kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafata. Na ce gajiya ce. Kafin a ce me, na kasa hawa benen gidanmu a Lanham, cokali ma suɓucewa yake daga hannuna.

Aka ɗebi ruwan bayana, aka gwada jijiyoyi da lantarki. Likitan jijiya ya zauna a bakin gadona ya ce, "Garkuwar jikinki ce ta afka wa jijiyoyinki. Zai yi tsanani kafin ya lafa." GBS ake ce masa. Na karanta shi a makaranta a Zariya, ban taɓa kawo shi a kaina ba.

Ya kuwa yi tsanani, har na'urar numfashi aka sa mini. Na ji tsoro ƙwarai. Amma kewa ta fi tsoron cina. A gida in mutum ya kwanta asibiti tabarmi ake shimfiɗawa a baranda, wannan ta kawo kunu, waccan ta yi fifita. Nan kuwa daga ni sai ƙarar na'ura.

Inna ta nemi biza aka hana ta, ta sake nema aka sake hanawa. Da na samu bakin magana, kullum ta kira sai ta ce, "Ya jiki?" Ni kuma in ce, "Da sauƙi, Inna."

A keken guragu na dawo gida. Ba na iya wanka, ba na iya sa kaya, banɗaki ma sai an kai ni. Maigidana, Abban Hanif, aikin kwamfuta yake a Sterling, tafiya ce mai nisa. Shi zai yi mini wanka, ya ba ni abinci a baki, ya kai Hanif makaranta. Hutunsa ya ƙare, wurin aiki suka fara yi masa magana. In ba a samu mai zama da ni ba, sai dai a kai ni gidan kula da marasa lafiya, nesa da ɗana. Kuɗin mai jinya a ƙasar nan kuwa ya fi ƙarfinmu.

Tun ina koyon aiki na yi inshorar naƙasa, irin wadda likitoci ke yi saboda ranar da suka kasa aiki. Tana ba ni wani kaso na albashi, kuɗin gida da na asibiti su lamushe shi. Amma na haɗa mata da ƙarin kariya ta naƙasa mai tsanani, wadda ke ba da ƙarin kuɗi idan mutum ya kasa irin su wanka da sa tufafi da kansa. Sai dai sai sun turo an gani da ido.

To ku ji abin da ƴar Kano ta yi.

Baƙuwa za ta shigo gidana ta same ni a yamutse? Haba! Na sa Abban Hanif ya sa mini atamfa, ya ɗaura mini ɗankwali, ya zizara mini kwalli. Aka yi turaren wuta, aka zaunar da ni a kujerar falo, aka ɓoye keken guragun a ɗaki. Har shayi da cincin.

Matar inshorar ta tambayi yadda nake, na yi murmushi na ce ina samun sauƙi, mun gode Allah. Ta ce wanka fa? Kunya ta hana ni cewa mijina ke yi mini. Na ce muna lallaɓawa.

Abin da ta gani shi ta rubuta. Suka ce ban kai matakin samun ƙarin kuɗin ba.

Abban Hanif bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Saratu, ba gajiya na yi da ke ba. Amma ba zan iya raba kaina biyu ba. Ki bari su gan ki."

Muka nemi a sake dubawa, likitana ya rubuta bayani. Ranar da ta dawo ba kwalli, ba turare. Aka ce in sa maɓallin rigata, na yi na yi na kasa. Na yi kuka a gaban baƙuwa.

Bayan ta tafi Inna ta kira. "Ya jiki?" Na ce, "Inna, babu sauƙi. Ke nake so." Ta ce, "Na sani, ƴar nan, a muryarki nake ji. Jira nake ki faɗa, in samu in taya ki kuka."

Sun amince. Da kuɗin muka ɗauki Anti Rifkatu, mutuniyar Filato, mai tsiya da Hausa garau: "Likita, ɗaga hannun nan, ba a yi mini son jiki!" Da ita da masu gashin ƙashi na koma keken koyon tafiya, na koma sanda. Yau da yatsuna nake rubuta wannan.

Na gode wa Allah. Abban Hanif, Allah ya biya ka. Anti Rifkatu, da matan masallaci masu kawo tuwo, ban manta ba.

Ƴan'uwana likitoci, ku duba inshorarku tun kuna da lafiya, ku tambayi wannan ƙarin da sharuɗɗansa, domin a nan babu dangin da za su cika baranda. In ƙafa ta fara mutuwa kada ku ce gajiya ce. In an zo duba ku, ku faɗi gaskiyar halin da kuke ciki.

Yanzu ina alwala da kaina. Amma na gaya wa Inna, ranar da na sauka Kano ta tanadi buta. Ita za ta zuba mini ruwan.