Itatuwan da Yayana Ya Dasa

Daminar bana ce ta goma sha biyu da muka kai yayana Ibrahim makwancinsa. Yaya Iro muke ce masa a gida, mutanen gari kuwa Malamin Daji, domin aikin da ya yi ke nan tun yana saurayi har ya yi ritaya. Kowace shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa yin shirun.

Garinmu ƙarami ne a ƙasar Daura, can wajen Zango. Muna yara, babbar fargabar manomi ita ce iskar farkon damina. Mutum ya yi shuka, gero ya fito kamar allura, sai iska ta taso daga gabas ta kwaso yashi ta binne shi. A sake shuka, a sake asara. Na ga mahaifinmu ya yi shuka sau uku a shekara ɗaya, har irin ya ƙare.

Da aka turo Yaya Iro aiki gida, sai ya nemi dagaci ya ba shi wani fili a gabashin gari, inda ruwa ke sauka daga tudu ya bi gefen burtalin shanu ya faɗa babban kududdufi. Babu mai son wurin, aka ba shi ana dariya. Ya dasa dalbejiya layi-layi, ya cusa bagaruwa a tsakani, ya bar gawo da aduwa da ya tarar. Da rani a kan jaki yake ɗauko ruwa daga rijiya. Awaki su cinye dashen, ya sake dasawa, ya kewaye da ƙaya. Ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba a kan itace, gaskiya. Ya taɓa ƙwace gatarin surukinsa, suka yi shekara ba sa gaisawa.

Kafin ya yi furfura wurin ya zama gandu. Iska ta daina binne shukar gonakin da ke bayansa. Fulani masu wucewa sukan yada zango a inuwarsa, su shayar a kududdufi, su bi burtali ba tare da sun taɓa gonar kowa ba. Ruwan tudu kuma yakan shiga cikin itatuwan ya lafa kafin ya iso gari. Mun saba da wannan har muka ɗauka haka Allah ya yi wurin tun fil'azal.

Ana saura 'yan watanni ya rasu aka fara raɗe-raɗin cewa za a yanka filaye a gabas. Na je duba shi, yana kwance a zaure, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce, "Malam ƙarami, ka ji abin da ake cewa?" Haka yake kirana saboda ina koyarwa a firamare. Na ce na ji, amma magana ce kawai. Ya ce, "Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Wurin nan hanyar ruwa ce. Ni aron wurin na yi daga ruwan, shi ma ya sani." Na ce in sha Allahu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekara huɗu bayan rasuwarsa masu awo suka zo da igiya da turaku, kuma ina cikin waɗanda suka karɓi fuloti. Ina da hujjojina a lokacin. 'Ya'yana sun girma, gidan gado ya yi mana kaɗan, kuma na ce ko na ƙi wani zai karɓa. Masu gawayi da masu gidajen burodi suka kwashe itatuwan cikin rani ɗaya. Ba ni na riƙe gatari ba, amma dalbejiya bakwai aka sare a inda ɗakina yake yanzu, na ƙirga kututturansu. Matar yayana, Yaya Hajo, ba ta zarge ni ba. Ta dai ƙi zuwa ranar da muka tare.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. Aka cike kududdufi da shara da ƙasa, aka yi shaguna a kai. Burtali ya tsuke har ya koma kamar hanyar ƙafa, yau makiyayi ba ya ratsa shi sai an yi cacar baki, wani lokaci har da sanda. Aka kawo mana titi, muka yi murna, sai dai an ɗaga shi sama da gidaje, kwalbatin da aka saka kuwa ko akuya da ƙyar za ta bi. Bara ruwa ya sauko daga tudu bai sami inda zai tsaya ba, ya shigo unguwarmu da hantsi. Katangata ta faɗi. Maƙwabcina ya rasa rumbu biyu da tumakinsa, wata tsohuwa kuma sai a kafaɗa aka fito da ita. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Yanzu kullum a rediyo maganar sauyin yanayi ake yi. Ana taro a manyan otal, ana cewa za a yi gine-ginen da suka dace da muhalli, za a tsara yadda ake amfani da ƙasa. Mu ma an kafa mana fitilu masu aiki da hasken rana a bakin titi, daidai inda layin farko na itatuwan Yaya Iro yake a da. Rabin fitilun sun mutu. Kowace damina akan zo da manyan baƙi a dasa itatuwa, a ɗauki hoto, a tafi, kafin kaka awaki sun gama da su domin babu wanda aka ɗora wa ban ruwa. Nakan tambayi kaina me Yaya Iro zai ce. Ina jin ba zai yi dogon bayani ba. Zai tambaya ne wa zai kawo ruwa a watan zafi, in aka rasa amsa ya kaɗa rigarsa ya tafi.

Ba na ganin gyara nan kusa. Wanda zai hana yanka fili shi ne mai rabawa, wanda zai yi ƙorafi kuma yana da nasa a ciki, kamar ni. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa, kuma babu wanda ya zauna ya ce nan gida, nan gona, nan hanyar shanu, nan ta ruwa. Jikokin waɗanda gandun ya tsare wa gonaki sun koma shuka sau biyu, wasu sun jingine fartanya sun tafi Kano da Legas.

To me ya rage na yayana? 'Ya'yansa suna nan, mutanen kirki, Allah ya raya su. Na aikinsa kuwa, suna kawai. Kwanan baya na dawo daga Daura, na sauka a tasha na hau babur, na ce a kai ni sabuwar unguwa. Mai babur ɗin, magidanci ne da bai daɗe da zuwa garin ba, ya ce, "Gandun Iro ke nan, Baba?" Na ce nan ne. Muna tafiya na tambaye shi ko ya san wane ne Iron. Ya ce, "An ce wani mai kuɗi ne, shi ya sayar da filayen duka."

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga in na faɗi wanda ya dasa, dole in faɗi waɗanda suka sare. Na bar shi da labarinsa har ya sauke ni a ƙofar gidana.

Allah ya jiƙan Yaya Iro, ya sa inuwar da ya yi wa bayinsa ta zame masa inuwa ranar da babu wata. Mu kuma Allah ya yafe mana.