Laifin da Baba Injiniya Ya Ɗaukar Mini

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, babbar 'yarka ta kira ni ta ce ka cika, Baba Injiniya. Na yi mata gaisuwa muryata na rawa. Ta ɗauka baƙin ciki ne kawai, ba ta san har da kunya ba.

Shekara tara kana kula da na'urorin ɗakin gwajin jininmu, ni kuma ina manaja. Teburinka na can ƙarshen baranda, kusa da firjin samfura, inda fanka ba ta kaiwa. Tsofaffin da suka kasa duba sakamakonsu a waya wurinka suke zuwa. Kai za ka tashi ka ba su kujerarka, ka tsaya a kansu kana nuna musu da yatsa.

Kai ka gina mana shafin intanet, ka sa masa takardar shaidar tsaro ta kyauta, wadda ke fito da ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa a gefen adireshi. Ka ce tana ɓoye bayanan mutane a hanya, kuma ta ishe mu. Amma ka ja mini kunne: duk wata uku take ƙarewa, in ta lalace babu wanda za mu kira, kuma ba ta bincikar ko wane ne mai shafi. Da na kawo maka sanarwar da zan buga, mai cewa "In kun ga kwaɗo, shafinmu ne," sai ka cire tabarau ka ce, "Ranki ya daɗe, ɓarawo ma yana samun kwaɗon nan kyauta, cikin minti biyar. A rubuta musu su duba adireshin harafi-harafi."

Na yi dariya a gaban ma'aikata, na ce tsufa ne ya sa ka tsoro. Na buga dubu biyu, na manna har a ƙofar banɗaki.

Bayan wata biyar wasu suka buɗe shafi irin namu sak, harafi ɗaya ne bambanci a adireshin, da kwaɗonsu. Marasa lafiya suka shigar da sunaye, lambobin waya da irin gwajin da aka yi musu. Wata baiwar Allah ta zo tana kuka, an kira ta ana barazanar tona mata asiri a wurin aikinta.

Da masu wurin suka tara mu suka tambayi yadda aka yi, na ce, "Harkar na'ura ai ta Injiniya ce." Ka dube ni sau ɗaya, ka sunkuyar da kai, ka ce, "A yi haƙuri." Kwana shida ka yi kana kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya kana ba su haƙuri, wasu na zaginka. Kai ka bi bango kana ɓare takardun da na manna. Ƙarshen wata aka sallame ka.

Ko da ciwo ya kwantar da kai a asibiti daga baya, sai da ka turo mini saƙo: "Takardar tsaro za ta ƙare Laraba, a tuna wa sabon ma'aikaci." Na amsa da "To." Sau uku na yi niyyar zuwa duba ka, sau uku ina juyawa a bakin get, don ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Mama, uwargidansa, da ku 'ya'yansa: mahaifinku bai yi sakaci ba. Ya faɗa, ni ce na ƙi ji, sannan na bar shi da laifin. Jiya na faɗa wa masu wurin haka a rubuce. Ina roƙonku gafara, tun da a wurinsa na riga na makara.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurinka ya zame maka ceto, Ya ba iyalinka juriyar rashinka. Ni kuma Ya sa ka riga ka yafe mini kafin ka tafi. Amin.