Tankar da Kuzma Ya Kashe Sau Uku

Yefim Lukich bai harba ko harsashi ɗaya ba a yaƙi. Direban tarakta ne. In faɗa ya lafa a filayen Kursk, shi ke ɗaura wa matattun tankokin Jamus sarƙa ya ja su. Kafin ya ja kuwa sai ya zura yatsa a hujin da aka yi wa tankar. In daga sama yake, aikin jirgi ne. In daga gefe, igwa. Da yawa ma ba huji ko ɗaya, mai ne ya ƙare, mutanen ciki suka kama hanya a ƙafa.

Mijin ƙanwarsa, Kuzma, shi matuƙin jirgi ne, irin mai tafiya ƙasa-ƙasa yana zazzage ƙananan bama-bamai. Duk ranar bikin nasara, da an ajiye dankali da kokwamba mai gishiri, sai ya fara.

"Jirgin Jamus mai bindiga biyu? Agwagwa ce! Namu kuwa, wucewa ɗaya, tanka huɗu."

"Bara uku ne," in ji Yefim.

"Ci dankalinka, majanyin gawa."

Shekara talatin ana haka, sai Malama Raisa ta makarantar garinsu ta ce za ta manna allo da sunan Kuzma a jikin tankar da aka bari a bayan makaranta, amma sai Yefim ya shaida a gaban jama'a.

Yefim ya san tankar. Taɓo ne ya riƙe ta, masu ita suka gudu. Kwana uku a jere yana zuwa da sarƙa, kullum sai jirgin Kuzma ya dawo ya sake yi mata ruwan wuta, shi Yefim yana kwance a kwalbati.

"Yaya, in ka kunyata min miji, ka daina cin miyata," in ji ƙanwarsa Dunya.

Da ranar ta zo, Kuzma ya tsaya da lambobin yabonsa a ƙirji. Yefim ya hau tankar, ya zura yatsa a huji, ya daɗe.

"Shi ya kashe ta," ya ce. "Sau uku ma, a kan idona."

Aka yi ta tafi.

Da shekara ta zagayo, Kuzma ya fara: "Wucewa ɗaya, tanka..." Ya saci kallon Yefim. "Biyu."

Yefim ya tura masa kwanon kokwamba.