Robar da ba mu samu ba

Akwai wata Laraba da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina ƙaramar jami'ar duba-gari, an turo ni daga Dutse zuwa wani ƙauye kusa da Kiyawa, in riƙa shiga gida-gida ina koya wa mata raba shara. Tsarin ba wuya. Ɓawo da ragowar abinci a rami don taki, takarda buhunta daban, roba nata daban. Duk Laraba mu kwashe buhunan zuwa wata rumfa a bakin hanya, masu narka roba su zo su ɗauka. Ni kuwa lokacin bakina ya fi kaina sauri. Duk gidan da na shiga sai na ce, "Kowace roba ku wanke, ku ɓare takardar jikinta, ku jefa a buhu."

Tsakiyar damina ce, ana ta feshi a gonaki. Da hantsi na shiga gidan wata dattijuwa, Inna Dije, ta tare ni da fara'a.

"'Yar nan, ai na ji maganarki. Satin jiya har robobin maganin feshin ɗana na wanke tas, guda goma sha biyu, na ɓare musu takarda. Fes suka yi, kamar sababbi, na jefa su a buhu aka kai rumfa."

Nan take na gane ɓarnar da na yi. A makaranta an koya mana cewa robar maganin feshi ko an wanke ba a zuba abin ci a cikinta, hujewa ake yi a ware ta. Ban taɓa faɗa wa matan nan ba. Kuma takardar da ke nuna guba ce, ni na sa aka cire.

Na ruga rumfa na tambayi inda robobin suke. Malam Sale mai gadi ya ce, "Farare masu murfi? Ai Adda Yelwa mai man shanu ta roƙa, na ba ta. Na ga masu tsabta ne."

Na kira shugaban sashenmu na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cewa kawai ya yi, "Malama, ki nemo su kafin su shiga cikin wani."

Na tari ɗan acaɓa muka nufi rugar su Adda Yelwa ta hanyar Jahun. Ruwa ya ɓata hanya, sau biyu muna sauka muna turawa. Ba abin da nake gani a idona sai gawa, da ni a tsaye gaban iyalinta ina cewa kuskure ne.

Mun tarar da Adda Yelwa a gindin bishiya, ta jera robobin cike da man shanu. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, na durƙusa ina ƙirgawa. Sha ɗaya. Na sake ƙirgawa, sha ɗaya dai.

"Adda, ina ɗayar?"

"Jiya na sayar a tashar Jahun. Wata ce a cikin mota, ta ce mai jego za ta kai wa. Lafiya dai?"

"Kin san ta? Ina motar ta nufa?"

"Yo ina zan sani? Ta taga ta miƙo hannu."

Da na yi mata bayani sai ta dafe ƙirji tana salati, don ta lasa man da yatsa lokacin ɗurawa. Muka kai ta asibiti aka duba, Allah ya tsare. Man kuwa, wahalarta ta sati guda, a rami muka binne shi tana kallo. Ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Ke da kika yi karatu."

Kwana bakwai ina zarya tsakanin tasha da asibitin Jahun, ina tambayar direbobi da ma'aikatan jinya ko an kawo mai jego ko jariri da amai. Mun sa an yi shela a masallatai da kasuwa. Ba wanda ya zo. Shugabana ya ce wataƙila abin da ya rage a robar bai kai ya yi illa ba. Wataƙila.

Ku sababbin jami'an duba-gari da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani mutanenmu ba taurin kai ne da su ba. Idan suka yarda da kai, abin da ka faɗa za su yi daidai, har da abin da ka manta ba ka faɗa ba. Shi ya sa nake fara kowane taro da robar feshi a hannu da ƙusa, in huje ta a gabansu kafin in ce komai. Shekara shida ke nan, kuma har yau in na ga farar roba mai murfi a ɗakin mai jego, sai na ɗauka na shinshina.