Hannuwan da Ba Sa Shawara da Ni

Kocin da ya mayar da ni gola yana so ya sa 'yata a raga, ni kuwa ko unguwarmu ta Nima gaba ɗayanta za ta taru a ƙofar ɗakina tana roƙo, ba zan ba shi ita ba. Masu cewa na cika riƙo su zo su dubi tafin hannuna tukuna.

Ina 'yar firamare ya tsince ni a filin bayan makarantarmu, don na fi sa'o'ina tsawo. Filin babu ciyawa, jar ƙasa ce da tsakuwa. Ya ce zai sa ni tsaron gida a ƙungiyar 'yan mata, har Turai sai na je. Babana ya yi ta gardama, daga baya aka ɗinka mini dogon wando, ya haƙura.

Koci ba ya gargaɗi. Yana cikin yi mini magana sai ya jefo abu: ƙwallo, lemo, takalmi, makullin babur. Wani lokaci ya tsayar da ni ina fuskantar bango, ya buga ƙwallo daga bayana, sai dai in ga ta dawo mini a fuska. In na yi jinkiri, igiyar usur ta sauka a cinyata.

"Ka tsaya kana tunani?" haka yake daka mini tsawa da Hausarmu ta Nima da ba ta raba mace da namiji. "Gola ba shi tunani. Tunani na 'yan kallo ne. Abu ya taso, ka je!"

Shekara goma sha wani abu ina jin wannan safe da yamma, har ya zauna. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin abin. A gidanmu kofi ba ya kaiwa ƙasa in ina kusa. A fili kuwa sau da yawa sai na ji ihun mutane kafin in gane ƙwallon tana ƙirjina. Sai kafaɗata ta goce, ta sake gocewa. Koci ya samo wata yarinya da ta fi ni tsawo, ni kuma Turai ta tsaya mini a Kumasi. Na yi aure, na haifi 'ya, na koma taya Inna, ƙanwar mahaifiyata, sayar da koko da ƙosai a bakin titi a Maamobi. Na ɗauka na bar ƙwallo ke nan.

Wata safiya wani ɗan okada ya kauce wa trotro, motar haya, ya daki kurfotinmu na gawayi. Kaskon suya ya karkace, mai yana tafasa a ciki. Kowa ya yi baya. Inna da gwiwoyinta suka daɗe da gajiya ma ta yi tsalle baya. Ni kaɗai na yi gaba. Hannu biyu na sa na cafe kaskon, har na fara jawo shi ƙirjina yadda aka koya mini, kafin zafin ya iso.

Ba zan ba da labarin asibiti ba. Abin da ya fi ƙunar cin raina shi ne bakin mutane. Wasu suka ce aljanu ne suka tura ni. Wata maƙwabciya ta ce rowa ce, man nake jin tausayi. Mijina da kansa ya zauna a bakin gado yana tambayata me ya shiga kaina, alhali ni ma ban ga lokacin da na yanke shawarar ba.

Likitar da ke duba ciwon ce ta tambaye ni aikin da na yi a da. Da na gaya mata sai ta ajiye almakashi. Ta ce ƙwaƙwalwa tana sauya gininta bisa abin da aka daɗe ana maimaita mata, musamman tun yarinta. Tsakanin idona da hannuna an taka wata gajeriyar hanya, irin wadda mutane ke yankewa ta filin wani har ciyawa ta daina fitowa. Umarni yana bi ta nan ya isa hannu kafin sashen da ke auna haɗari ya farka.

Na ce, "To ba ta san bambancin ƙwallo da kasko ba?"

Ta ce, "Ta sani. Sanin ne yake zuwa a makare."

Na tambaya ko ana gogewa. Ta ce yana raguwa, amma kada in yarda da shi kusa da wuta ko wuƙa. Ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba. Ashe wani ya shiga kaina tun ina yarinya ya yi gini, ya tafi abinsa, ya bar ni da shi. Kafaɗa na san na bayar. Wannan kuwa babu wanda ya nemi izinina, babu wanda ya gaya wa babana.

Bayan an sallame ni Koci ya zo dubiya da ledar lemo. Ya yi furfura, amma usur ɗin na nan a wuyansa. Ya zauna a benci, ya kalli hannuwana naɗe da bandeji, ya girgiza kai.

"Kai ma dai, wuta ne fa. Ba ka yi tunani ba?"

Shi. Shi ne yake tambayata haka. Ana cikin haka sai ga 'yata ta dawo daga makaranta. Doguwa ce kamar ni. Ta durƙusa ta gaishe shi, na ga yana auna ta da ido tun daga kafaɗa har yatsu. Na san wannan kallon. Yana amsa gaisuwar hannunsa ya shiga leda, ya jefa mata lemo ba gargaɗi.

Lemon bai kai gare ta ba. Hannuna na dama ya tare shi a hanya. Na ji sabuwar fata ta tsage a ƙarƙashin bandejin.

Koci ya tafa cinya yana dariya. "Ka gani? Har yanzu shi na nan! Aikina ba shi mutuwa. Ba ni yarinyar nan, ka ga abin da zan yi da shi."

Na ce ya tashi ya fita. Na faɗa da ƙarfin da ya fito da matan gidan daga ɗakunansu. Ya kwashi takalmansa yana cewa ba ni da godiya.

Har yau ban sani ba ko ni ce na tare lemon don in kare 'yata, ko shi ne ya tare da hannuna. Wannan rashin sanin ne ba zan yafe masa ba.

Da na juyo, yarinyar tana tsaye idonta na ƙyalli. "Maa, yaya ka yi haka? Koya mini."

Na ce ta ajiye jakarta, ta wanke hannu, ta zo ta taya ni kwance bandejin. Ta kwance a hankali har zuwa naɗi na ƙarshe da ya manne, ban ce ta kau da kai ba.

Tun daga lokacin ta fasa mini kofuna da faranti ba adadi. Abu yana suɓuce mata sai ta ja baya ta bar shi ya tarwatse, ni kuma in danne hannuwana a ƙarƙashin cinya. Ban taɓa yi mata faɗa ba.